Ƙurajen Fuska da Dabarar Matan Koriya

'Yar'uwa, in ƙuraje suna feso miki a haɓa duk sa'ad da al'ada ta gabato, kada ki ga laifin sabulunki. Wani sinadarin jiki ne, androjin, yake sa maiƙo ya yawaita har ƙofofin fata su toshe.

Matan Koriya ta Kudu sukan wanke fuska hawa biyu da dare, da mai tukuna, sa'an nan da sabulu marar zafi. Da safe su shafa man kariyar rana. Wannan yana kwantar da fata, amma ba ya taɓa tushen ciwon.

Kada ki matse su, baƙin tabo za su bar miki. In an yi wata 3 babu sauƙi, tafi wurin likita. In kina da juna biyu ki gaya masa, gama waɗansu magungunan suna cutar da ɗan ciki.