Koyar da Ƙulla Zaren Labari a Ƙaramar Sakandare: Misali Daga Kafancan da Kudancin Jihar Kaduna

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi ba ɗalibi a darasin insha'i shi ne a ajiye masa take, ko jimla, ko karin magana, a ce ya gina labari a kai. Sau da yawa abin da ke dawo wa malami jerin jimloli ne waɗanda kowace ke tsaye ita kaɗai, ba a san wadda ta haifi wata ba. Akan ɗora laifin wannan a kan ƙarancin kalmomi ko rashin sanin ƙa'idojin rubutu. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ƙulluwar labari a Hausa ta dogara ne a kan abubuwa biyu da ake iya koyarwa kai tsaye, wato irin mabuɗin da aka ba ɗalibi, da kuma wasu ƴan kayan nahawu da ke ɗinke jimloli. An zaɓi Kafancan da kewayenta domin yanayin harshe a can yana fito da matsalar fili fiye da yadda take fitowa a Kano ko Katsina. Abin nufi da mabuɗi a nan shi ne duk abin da malami ya bayar domin ɗalibi ya ɗora labari a kansa.

2.0 Yanayin Harshe a Kafancan

Kafancan ta bunƙasa ne bayan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Al'ummomin yankin suna da harsunansu, kamar Fantswam da Gworok da Jju da Tyap da Hyam da Nikyob da Ninzo. Hausa ta zama harshen haɗuwa a tasha da kasuwa, ta kuma shiga majami'u, musamman bayan fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932.

Saboda haka a aji ɗaya akan sami ɗalibai iri uku. Akwai wanda Hausa ce harshen gidansu. Akwai wanda ke da wani harshen a gida, amma ya tashi da Hausa a bakinsa tun yana wasan ƙasa. Akwai kuma wanda ya zo daga ƙauye da ƴar Hausar ciniki kawai. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, ita ce ta ba Hausa da Ibo da Yarbanci gurbi a ƙaramar sakandare, a tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982. An tsara manhajar Hausa kashi biyu, ta ɗan harshe da ta mai koyonsa a matsayin harshe na biyu. Ɗalibi na tsakiya, wanda yake da yawa a Kafancan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi, bai zauna daram a ko ɗaya ba. Ya wuce darasin gaisuwa da ƙirga, amma Hausarsa ta sha bamban da daidaitacciya a wuraren da suka shafi ƙulla labari, kamar yadda za a gani a sashe na 4.0.

3.0 Ire-iren Mabuɗi da Abin da Kowane Ke Haifarwa

Ana iya kasa mabuɗan da malamai ke bayarwa gida huɗu:

(a) Take tsura, kamar "Ranar Kasuwa" ko "Bikin Afan".
(b) Karin magana, kamar a ce a rubuta labarin da zai ƙare da "sauri ya haifi nawa".
(c) Hoto ko jerin hotuna.
(d) Jimlar farko mai ɗauke da matsala.

Take tsura shi ne mafi sauƙin bayarwa, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani ga mai koyo. Yaron da aka ce ya yi rubutu a kan bikin Afan, wanda ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, zai lissafa abin da ake gani, wato mafarauta da makaɗa da ƴan rawa da baƙi. Wannan siffantawa ce, domin babu wanda ke neman wani abu, babu kuma abin da ya tare shi. Karin magana kuwa yana buƙatar ɗalibi ya fara daga ƙarshe ya dawo baya, aikin da ya fi dacewa da aji uku. Jerin hotuna yana koyar da bin tsari, amma ba ya tilasta faɗin dalili. Nau'i na huɗu ne ya fi dacewa da ɗan aji ɗaya, domin yana ba shi tauraro da wuri da ƙulli a lokaci guda. Ga misali:

(1) Wata rana Ladi da ƙanenta Bulus suka ɗauko buhun citta zuwa kasuwar Kafancan. Da suka sauka daga mota, sai suka tarar buhun da ke hannunsu ba nasu ba ne.

Mabuɗi na (1) ya ɗauko abin da ɗalibin yankin ya sani, tun da noman citta sana'a ce babba a Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a. Ya kuma haɗa mace da namiji da gangan, saboda dalilin da zai zo a gaba.

William Labov da Joshua Waletzky a 1967, da kuma Labov a 1972, sun nuna cewa labarin baka yana da sassa da suka haɗa da shimfiɗa da ƙulli da sharhi da warwara da rufewa. Duk yaron da ya saurari tatsuniya a gida, da kowane harshe aka yi ta, ya riga ya san wannan tsari a kunnensa. Aikin mabuɗi shi ne ya ta da wannan sani.

4.0 Kayan Ɗinkin Labari a Hausa

A duba wannan ci gaban mabuɗi na (1), wanda aka tsara shi domin ya tattara kurakuran da ake magana a kansu:

(2) Sun je kasuwa. Sun ga buhu ba nasu ba ne. Ya yi kuka. Ya ce a koma tasha. Mutumin ya zo. Sun yi murna. Kasuwar tana da girma.

Babu kuskuren rubutu ko ɗaya a (2), amma labarin bai ƙullu ba. Dalilan guda huɗu ne.

4.1 Lokacin aiki

Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu. Na ɗaya (sun, mun, kun, an, kin) yana ba da rahoton abin da ya riga ya auku. Na biyu (suka, muka, kuka, aka, kika) shi ne ke jan labari gaba, aiki bayan aiki. Wanda ya rubuta "sun je, sun ga, sun yi" ya ba da rahotanni uku, wanda kuwa ya rubuta "suka je, suka ga, suka yi" ya ba da labari ɗaya. Abin lura ga malami shi ne, ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali, don haka na, ka, ya, ta kamanninsu ɗaya a takarda a lokutan biyu. Idan tauraron labari mutum ɗaya ne, kuskuren yana ɓuya. Sai taurarin sun kai biyu malami zai ga ko ɗalibi ya bambanta "sun" da "suka".

4.2 Jinsi

Harsunan yankin, irin su Tyap da Jju da Hyam, ba su raba wakilin suna na mutum na uku zuwa namiji da mace. Haka kuma karin harshen Zazzau da na Bauci an san su da sassauta bambancin jinsi. Sakamakon haka, Hausar hulɗa ta yankin takan yi amfani da "ya" ga kowa. A baka, ishara da murya suna cike giɓin. A rubuce, mai karanta (2) ba zai san wanda ya yi kuka da wanda ya ce a koma tasha ba. Ya kamata a gabatar wa ɗalibi da "ya" da "ta" a matsayin alamar da ke nuna wa mai karatu wanda ake bi, maimakon dokar haddacewa kawai. Wannan ne dalilin sa Ladi da Bulus tare a mabuɗi na (1).

4.3 Shigar da sabon mutum

Philip Jaggar, a kundin digirinsa na uku na 1985, ya yi nazarin yadda ake nuna mutane da abubuwa a cikin labarin Hausa. Ƙa'idar da ɗalibi ke buƙata mai sauƙi ce. Sabon mutum mai muhimmanci yana shigowa da "wani" ko "wata", sa'an nan a ci gaba da ambatonsa da ɗafin -n ko -r: wani dattijo, dattijon, wata mota, motar. A (2) "mutumin" ya faɗo ba sallama, kamar mai karatu ya riga ya san shi.

4.4 Mahaɗai

Ɗalibai sukan dogara da "sai" da "kuma" kaɗai. Akwai mahaɗan lokaci (da, bayan, kafin, tun), da na dalili (saboda, domin, don haka), da na saɓani (amma, duk da haka), da kuma "ashe", wadda ke buɗe abin da aka ɓoye wa tauraro. Ga (2) bayan an ɗinke shi:

(3) Da suka kwance bakin buhun, sai suka ga masara ce a ciki. Bulus ya fashe da kuka, amma Ladi ta ce su koma tasha tun motar ba ta tashi ba. Suna isa, sai ga wani dattijo yana cigiyar buhunsa. Ashe garin gaggawar sauka ne aka yi musaya. Dattijon ya karɓi masararsa, su kuma suka ɗauki cittarsu, suka kai wa dillali kafin kasuwa ta watse.

Za a ga cewa kalmomin (3) ba su fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. Jimlar girman kasuwa ta fita, domin ba ta haifar da kome a labarin.

5.0 Matakan Koyarwa

Ana ba da shawarar a raba aikin zuwa darussa uku, kamar haka:

Darasi na farko na baka ne. Malami ya karanta mabuɗi, ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya amsa tambayoyi biyar: Wane ne tauraro? Me yake so? Me ya tare shi? Me ya yi? Yaya aka ƙare? A ƙyale su su tattauna da harshen da ya fi musu sauƙi, amma wakilinsu ya ba da labarin da Hausa. Wanda bai iya faɗin labarinsa cikin jimla biyar ba, bai shirya rubuta shi ba.

Darasi na biyu na ɗinki ne. Malami ya rubuta jimlolin wani gajeren labari a hargitse a kan allo, ɗalibai su jera su, su kuma faɗi kalmar da ta nuna musu wurin kowace. Daga nan a ba su rubutu irin na (2) su mayar da shi irin na (3). Labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, sun dace da wannan aiki. Tsarin littafin farko ma darasi ne a kan dalili, domin aku yana ba da kowane labari ne don ya hana ɗan sarki fita.

Darasi na uku na rubutu ne da karatu. Kowa ya rubuta nasa, ya karanta wa abokin zamansa a bayyane. Mai sauraro yana da izinin tambaya biyu kawai, "wa?" da "don me?" Duk inda aka yi tambaya, a nan zare ya tsinke, marubuci ya sa alama ya gyara. Wannan hanya tana rage wa malami nauyi a aji mai cunkoso.

Gyaran baƙaƙe masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) da rabin kalma ya zo a ƙarshe. Ɗalibai da yawa a yankin ba su furta waɗannan sautuka, don haka idan aka fara da su, takarda takan cika da jan biro, yaro ya ɗauka ba shi da labari, alhali kuwa haruffa ne ba shi da su. Yana da kyau a ware wa ƙulluwar labari makinta daban da na ƙa'idojin rubutu.

Akwai kuma hattara wajen zaɓen mabuɗi. Kafancan ta ga tarzoma a Maris 1987 da Afrilu 2011, kuma a aji ɗaya akwai ƴaƴan kowane ɓangare. Mabuɗi irin "Ranar da ba zan manta ba" yana iya tono abin da malami bai shirya tarba ba. Gona da kasuwa da tasha da rafi sun wadatar, kuma kowa ya tarar da kansa a cikinsu.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa rashin ƙulluwar labarin ɗalibi yana da dalilai da ake iya nunawa da yatsa: mabuɗi marar matsala, da cakuɗa shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, da ɓacewar jinsi, da shigar da mutum ba gabatarwa, da ƙarancin mahaɗai. Ya kamata sassan Hausa na kwalejojin horar da malamai, irin ta Gidan Waya, su haɗa darasin nahawu da na insha'i, maimakon a koyar da su kamar ba su san juna ba. Haka kuma akwai aiki a gaban masana harshe, wato kwatanta yadda Tyap da Jju da Hyam ke jera aukuwa da bin mutane a labari da yadda Hausa ke yi. Irin wannan nazari ne zai ba masu tsara manhaja abin da za su dogara da shi wajen yi wa ɗalibin Kudancin Kaduna littafin da ya dace da Hausar da ya zo da ita aji.