Yadda tubabbun mashaya sigari suka ja da gwamnatin Wales

Ranar 16 ga Maris 2016, zama na ƙarshe kafin majalisar dokokin yankin Wales na Birtaniya ta watse domin zaɓe, aka kaɗa ƙuri'a kan wani ƙudurin kiwon lafiya. Aka tashi kunnen doki, 26 da 26. Shugabar majalisar, Rosemary Butler, ta raba gardama kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ta kaɗa tata ƙuri'ar ga masu cewa a'a. Nan take ƙudurin ya mutu, har da sashensa da ya fi tayar da ƙura, wanda zai hana zuƙar sigarin lantarki a wasu wuraren taruwar jama'a.

Sigarin lantarki ba ya ƙona ganyen taba. Batir ne ke ɗumama wani ruwa mai nikotin da ɗanɗano, ya zama tururi, mutum ya zuƙa. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, wanda shi kansa ya daɗe yana fama da taba, shi ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. Nikotin ne ke kama mutum ya kasa bari, amma kwalta da iskar gubar da ke fita daga ƙonewar ganyen su ne suka fi kisa. A kan wannan bambanci rikicin ya tsaya.

Tun 2007 aka haramta shan sigari a gidajen abinci da ofisoshi da sauran rufaffun wurare a Wales. A 2015 ministan lafiya, Mark Drakeford, ya ce a haɗa da na lantarki. Tsoronsa shi ne yara su riƙa ganin manya suna busa abu mai kama da hayaki, har shan taba ya sake zama ba komai ba a idonsu, bayan wahalar da aka sha kafin a mai da shi abin kunya. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta mara masa baya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ba da irin wannan shawara a 2014.

Waɗanda suka fara ɗaga murya ba manyan masana ba ne. Mutane ne da suka yi shekara da shekaru suna ƙarar da kwalin sigari a rana, suka gwada cingam ɗin nikotin da filastar da ake mannawa a fata, abin ya faskara, sai wannan na'ura ta raba su da taba. Su da masu ƙananan shagunan sayar da ita suka yi ta rubuta wa wakilansu wasiƙu, suna sa hannu a takardun koke, suna cika Twitter da labarinsu. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce. Idan doka ta ce su fita waje, ina za su tsaya? A bakin ƙofa, kafaɗa da kafaɗa da masu shan sigarin da suka guje wa, ƙamshin tabar yana dukan hancinsu. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa yana kokawar barin taba ya san cewa wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Suka ƙara da cewa an hana sigari a cikin ɗaki ne saboda an tabbatar hayaƙinsa yana cutar da na kusa, to a kawo irin wannan shaida a kan tururi kafin a hukunta su.

Abin da ya ba su nauyi shi ne ƙungiyoyin da suka fi kowa gaba da taba, irin su Cancer Research UK da ASH Wales, su ma sun ƙi goyon bayan haramcin. A Agustan 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa illar sigarin lantarki ta gaza ta taba da kusan kashi 95 cikin 100. Masana da dama sun soki yadda aka samo wannan adadi, amma ya zama makami a hannun masu adawa. Jam'iyyar Labour mai mulki kujeru 30 kawai take da su cikin 60, dole Drakeford ya sassauta, ya taƙaita haramcin ga wuraren da yara suka fi zuwa, kamar makarantu da gidajen abinci da motocin haya.

Da wannan sassauci, wasu 'yan jam'iyyar Plaid Cymru sun shirya ba shi ƙuri'unsu. Sai wani minista, Leighton Andrews, ya yi suɓutar baki a zauren majalisa, ya kwatanta jam'iyyar tasu da budurwar da ake shawo kanta ba tare da kashe kuɗi ba. Ransu ya ɓaci, suka juya baya gaba ɗayansu. Fushin 'yan siyasa ne ya kayar da ƙudurin a ranar, amma matsin talakawa ne ya sa gwamnati ta rasa rinjayen da zai cece ta daga suɓutar bakin mutum ɗaya.

Ba ko'ina aka yi wannan sa'a ba. A birnin New York na Amurka, masu adawa sun cika zauren sauraron ra'ayi a Disambar 2013 suna busa tururi a gaban kansiloli, duk da haka aka amince da haramcin da ƙuri'a 43 da 8. Chicago da Los Angeles suka bi sahu a 2014.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a riƙa yi wa duk mai iƙirarin magana da yawun talakawa: wa ke biyan kuɗin gangamin? Kamfanonin taba sun shigo kasuwar da wuri. Lorillard ya sayi kamfanin blu a 2012, Imperial Tobacco kuma ya sayi haƙƙin ƙirƙirar Hon Lik a 2013. Wannan bai ƙaryata labarin wanda ya bar taba da gaske ba, amma ya sa jami'an lafiya suna sauraron gangamin da kunne ɗaya.

Bayan zaɓe gwamnatin Wales ta dawo da ƙudurin ba tare da sashen sigarin lantarki ba, ya zama doka a 2017. Aka bar wa mai gidan abinci ko mai ofis ya yanke hukunci a wurinsa, da yawansu kuma suka hana da kansu. Tsoron Drakeford game da yara bai tafi a banza ba: sigarin lantarki mai arha da ake yarwa bayan an zuƙe ya bazu a hannun 'yan makaranta, har aka haramta sayar da shi a faɗin Birtaniya daga 1 ga Yunin 2025. Ƙudurin da gwamnatin Birtaniya ta gabatar a Nuwamban 2024 ya nemi ikon hana zuƙar tururi a wuraren da aka riga aka hana sigari.