Na'urar Gashin Ciwon Daji Ba Ta Sarrafa Kanta

Idan likita a Babban Asibitin Gaya ya ga ƙullutu a nonon wata baiwar Allah daga Toranke, ya yi zargin ciwon daji ne, Kano zai tura ta. In gwaji ya tabbatar, aka ce sai an yi gashi, tafiyar kan kai ta Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ko Sakkwato, ko Abuja. Kusan rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu.

Babu wuta a cikinsa, kada a tsorata. Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ana saita shi a kan ƙarin ya lalata ƙwayoyin cutar. Kaɗan-kaɗan ake bayarwa, galibi kwana biyar a mako har wasu makonni, don lafiyayyen naman da ke kewaye ya samu sararin farfaɗowa.

Mun saba jin an sayo na'ura, an yanke ƙyalle, an yi tafi. Masu sarrafa ta fa? A ganina nan gizo ke saƙa. Akwai likitan da ya ƙware a fannin, shi ke tsara yawan hasken da inda zai sauka. Akwai masanin fiziks na asibiti, wanda ke auna na'urar ya tabbatar abin da take fitarwa bai ɗara ba, bai gaza ba. Sai ma'aikacin gashi, wanda kullum yake kwantar da majinyaciya daidai yadda ta kwanta jiya, yana bin alamomin da aka yi a fatarta. Kaucewar 'yan milimita kan iya sa hasken ya taɓa huhu ko zuciya. Ma'aikacin ne kuma yakan fara lura in fata ta soma saɓulewa, shi ke rarrashi ranar da ta ce ta gaji, gida za ta koma.

Wannan aiki na uku bai fi ƙarfin ɗan Toranke ba. Jami'ar Bayero tana koyar da radiyografi, karatun shekara 5, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan rajista da hukumar masu aikin radiyografi, RRBN, da aka kafa a 1987. Daga nan ake neman ƙarin horo a cibiyar da ake gashin. 'Yan mata ma ana matuƙar bukatarsu, domin yawancin matan da ke layin gashi sankarar mama ce ko ta bakin mahaifa ta kawo su, kuma da yawansu sun fi sakin jiki a hannun mace. Mai sha'awa ya riƙe fiziks da kemistiri da bayoloji da kyau tun daga babbar sakandare.