Me ya sa Fijo 504 ta yi ƙarko a hannun direbobin Kumasi?

Duk wanda ya san tashoshin motar Kumasi a da, ya san Peugeot 504, Fijon da ke ɗaukar fasinja da kaya zuwa Tamale da Bolgatanga. Faransa ta fitar da ita a 1968 da inji mai silinda huɗu, cc 1,796, daga baya 1,971, kuma tayoyin baya ke tura ta. Ba gudu ne ya ɗaukaka ta ba. Ƙafafunta ne: jikinta ya ɗaga daga ƙasa, sifirin ɗinta na da laushi, tana shanye ramuka sitiyari bai kuɓuce wa direba ba. Ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki.

Masu suka na cewa tana shan mai, birkinta da kariyarta ba su kai na motocin yau ba. Gaskiya ne. Sai dai a titin da gareji ke nesa, sauƙin gyara ya fi komai. Injin yawancinsu na kafireta ne, babu kwamfuta, makanikin Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, zai kwance shi ya ɗaure da sifana kawai. A wannan fanni, kaɗan ne cikin motocin zamani suka kamo ta.