Ƙanƙara mai cin wuta

Da damina, wani lokaci ƙanƙara takan zubo a Tamaske. Yara su tsince ta, kafin su kai gida ta narke. Amma akwai wata irin ƙanƙara wadda in aka ƙyasta mata ashana sai ta kama wuta. A gindin teku take.

Abin da ke cin wuta cikinta wata iska ce mai suna metan. Wannan iska ba baƙuwa ba ce a Adar. In aka soka sanda cikin lakar tabki, kumfa yakan taso. Akwai metan cikin kumfan nan. Daga ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu take fitowa.

A gindin teku ma akwai laka, akwai metan. Amma can da sanyi ƙwarai, ga kuma nauyin ruwa. Duk wanda ya taɓa nutso cikin tabki ya san yadda ruwa ke danne kunne. To, a zurfin metir 500, dannewar ruwa ta ninka ta iskar sarari wajen sau 50. A nan ruwa yakan daskare, ya yi ƴan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani. Kowane ɗaki ya kulle metan, kamar kaza cikin akurki.

Abu biyu ke riƙe da akurkin nan: sanyi da dannewa. In ruwa ya yi ɗumi, ko dannewa ta ragu, sai akurki ya ɓalle, iska ta fita. Haka lemun kwalba ke yi in an cire marfi. Ƙanƙara cikin tulu ɗaya tana ba da iska wajen tulu 160.

A shekarar 1934, a Amurka, aka gane ita ce ke toshe bututun gaz lokacin sanyi. A shekarar 2013, mutanen Japon suka haƙa rijiya a gindin teku. Suka zuƙe ruwa don su rage dannewa. Ƙanƙarar ta narke, metan ta hau sama, suka kunna ta.

Metan tana da amfani, tana dafa abinci. Tana kuma da haɗari. In ta bazu cikin sarari, tana riƙe zafi kamar bargo. In teku ya ƙara ɗumi, wani sashe na ƙanƙarar zai narke. Yawancin iskar yakan tsaya cikin ruwa, amma wadda ta kai sama tana ƙara wa duniya zafi. Zafin nan kuwa ba ya tsayawa bakin teku. Yana iya isowa har gonar gero da garkar albasa a Tamaske.

Tambayoyi
1. Ina ake samun metan a ƙauye?
2. Waɗanne abu biyu ke hana ƙanƙarar nan narkewa?
3. Yaya mutanen Japon suka fitar da iskar?