Rabon Gado a Garin da Babu Alƙali

Da wuya a ɗauki gawar Bahaushe daga Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu a kai ta gida. Inda ajali ya same shi nan ake masa sutura, a sallace shi, a kai shi makwanci. Lissafin dukiyarsa ne ke tafiya Arewa, shi ma sai an tace shi.

Tun a wurin zaman makoki liman ko Sarkin Hausawa zai miƙe ya ce: “Jama’a, duk mai bin marigayi, da duk wanda marigayi ke bi, don Allah ya zo ya faɗa.” Haka ake yi a ko’ina, amma a nan maganar ta fi nauyi, domin dukiyar ɗan kasuwar Kudu rabinta tana hannun mutane. Shanun da aka sauke a Gariki ta Inugu an ba mahauta bashi, albasa da tumatir suna wajen mata masu sari, kuɗin motar da ta taso daga Kano ba a gama biya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Sai a ɗauko littafin lissafin marigayi. Duk wanda ya tashi a unguwannin Hausawa na Kudu ya san shi: littafin ’yan makaranta ne, ya sha maiƙo, an naɗe shi a leda, an tura ƙarƙashin buzu ko cikin akwatin ƙarfe. Rubutun ajami ne, lambobin kuma na boko. Ba a cika samun cikakken suna a ciki ba, sai laƙabi, wane mai jar hula, wance ta bakin gada. Yaron shagon da ya fi daɗewa shi ke zama kusa da liman yana fassara, dattawa suna gyaɗa kai. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne ka ga mace ’yar ƙabilar Ibo ta zo da kanta, ta kwance bakin zane ta ajiye kuɗin da babu wanda ya san da su, ta ce Alhaji ya yi mata mutunci shekara da shekaru.

Kafin a kira komai gado, sai an fitar da ajiya. Maigida a Kudu banki ne ga ’yan ci-rani. Mai gadi, da mai facin takalmi, da mai tura baro, duk wajensa suke kai abin da suka tara har damina ta kira su gida. Babu takarda, babu shaida sai Allah. Mutum ya ce yana da dubu kaza, dattawa su dubi fuskarsa, su dubi littafi, in an yi shakka a ba shi rantsuwa. Daga nan sai bashi, sai wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji.

Mutanenmu sun daɗe a nan. Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk da haka gudun hijirar 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya, da rikicin da ya faru a Anacha a watan Fabrairun 2006, sun koya wa mutane su riƙa gina gida a gida. A nan haya ake yi, ko a riƙe rumfa. Rumfar ce ma ke jawo gardama. Wasu malamai sun ce ƙasar ta hukumar kasuwa ce, ba a gadon abin da ba a mallaka ba, sai kayan ciki. Wasu sun ce tunda ana sayar da wuri da kuɗi masu yawa, haƙƙi ne, dole a yi masa ƙima a raba. Ni na fi karkata ga na biyun, domin na farkon yakan bar wa wanda ke zaune a rumfar komai.

Babu kotun shari’ar Musulunci a Ribas, ko Anambara, ko Inugu. Liman ne ke buɗe Risala ya yi rabo bisa mazhabar Malikiyya: tumuni ga mata in akwai ’ya’ya, sudusi ga uwa, namiji rabon mace biyu. Ƙarfin hukuncinsa yardar magada ne da kunyar jama’a. In wani ya ƙi, sai a ɗauki maganar a kai gaban alƙali a Arewa, shi kuwa hannunsa bai kai kan filin da ke Fatakwal ba. Banki kuma bai san takardar liman ba. Sai an je sashen gado na babbar kotun jiha an karɓo takardar izinin kula da dukiyar mamaci, an biya kaso, an jira watanni. Nan ne wanda aka rubuta sunansa a matsayin makusanci yakan ɗauka kuɗin nasa ne, alhali wakili ne kawai.

Muna alfahari da cewa ’ya’yanmu mata suna da rabo tun fil azal, a yankin da sai a 2014 Kotun Ƙoli ta soke al’adar hana ’ya mace gadon uba a shari’ar Ukeje, sai a 2022 Jihar Ribas ta yi dokarta. Amma gaskiya rabon yakan tsaya a baki. A ce wa yarinya kasonta yana cikin jari, “yayanki na juya miki,” shekara goma ba ta ga riba ba. Matar da aka aura a nan, in ba ta musulunta ba, ba ta gado. Dattawan da sukan saya mata fili su damƙa mata tun suna raye, ko su ambace ta a sulusi. Na yanzu suna jin nauyin zancen wasiyya kamar kiran mutuwa ne, sai a bar ta da yara da kuɗin haya.

Littafin nan ma yana ɓacewa. Lissafi ya koma cikin waya, wayar tana kulle da lambar da mai ita kaɗai ya sani. Ga kuma ɗan da ya yi shekara ashirin yana sauke buhu tare da uban, ya ga an ba shi daidai da ƙanensa da bai taɓa ƙetare Lakwaja ba. Shari’a ba ta ba shi ƙari ba, sai in ya kawo shaidar cewa yana da jari a ciki. Dattawa sukan roƙi sauran magada su bar masa rumfar ya biya su a hankali. Wani lokaci su yarda, wani lokaci a sayar wa baƙo a raba kuɗin.