Kyautar Gidan da Mai Shi Bai Fita Ba: Yadda Harajin Gado Yake a Birtaniya

A Birtaniya, idan mutum ya rasu, gwamnati na karɓar kashi 40 cikin 100 na duk abin da ya haura fam 325,000 a dukiyar da ya bari. Idan gidan da yake zaune ne zai koma hannun 'ya'ya ko jikoki, ana iya ƙara rangwamen fam 175,000. To amma a Landan, inda farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi, gida ɗaya tak kan zarce wannan iyaka.

Shi ya sa dattawa da dama ke mallaka wa 'ya'yansu gida tun da ransu, don doka ta ce idan mai kyauta ya ƙara shekara 7 a duniya, kyautar ta fita daga lissafin gado. Sai a sauya suna a takarda, tsoho kuma ya ci gaba da kwana a ɗakinsa, makulli na aljihunsa.

A nan gizo ke saƙar. Dokar Kuɗi ta 1986 ta tanadi cewa wanda ya ba da kyauta amma bai daina cin moriyarta ba, tamkar bai bayar ba ne. Ko ya shekara 20 a haka, ranar da ya rasu hukumar haraji ta HMRC za ta saka gidan cikin dukiyarsa, bisa farashin wannan rana. Ga kuma asara ta biyu: idan 'ya'yan ba a gidan suke zaune ba, ran da suka sayar za su biya harajin ribar da ya yi tun daga ranar kyauta.

Lauyoyi sun nemi dabaru. A 1998 magadan wata mata mai suna Lady Ingram sun yi nasara a shari'ar irin wannan kyauta a Majalisar Dattawan ƙasar, sai gwamnati ta toshe ƙofar a 1999. Mafitar da ta rage a fili take: ko tsoho ya tashi, ko ya riƙa biyan 'ya'yansa cikakken kuɗin haya na kasuwa, ko ya ba da wani kaso ga ɗan da suke zaune tare, shi kuma ya ci gaba da ɗaukar nasa nauyin gidan.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Malaman Malikiyya sun daɗe da cewa kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa. Idan mai bayarwa ya rasu kafin haka, ta zama gado.

Don haka 'yan'uwanmu mazauna can su yi hattara. Kafin a sa hannu, iyali su zauna su tambayi juna: shin Baba zai iya barin gidan, ko zai iya biyan haya har ƙarshen rayuwarsa? Idan amsar a'a ce, gara a bar masa gidansa da sunansa, a nemi shawarar lauya kan rubuta wasiyya.